Gwajin FoundationOne CDx ga mai sankarar hanji: inda yake biyan kuɗinsa da inda ake ɗora masa abin da ba nasa ba

Daga cikin hidimomin da ake yi wa masu fama da sankarar babban hanji da dubura a 'yan shekarun nan, da wuya a sami wadda ta kai gwajin ƙwayoyin gadon ƙari tsada da kwarjini, kuma sunan da ya fi yawo a bakin likitoci a wannan fage shi ne FoundationOne CDx. Gwajin na kamfanin Foundation Medicine ne da ke birnin Kambirij a jihar Masachusets ta Amurka, wanda kamfanin Roche na Suwizalan ya kammala mallakarsa a 2018. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a watan Nuwamba na 2017, kuma aikinsa shi ne karanta ƙwayoyin gado 324 a cikin gutsuren naman ƙari guda ɗaya, ya fitar da duk wani canji da ya gani. Farashin da kamfanin ya sanya masa lokacin da ya fito kasuwa dala 5,800 ne. A Amurka inshorar gwamnati ta tsofaffi ta fara biyansa tun 2018 ga masu sankarar da ta yi nisa, amma wanda ke zaune inda babu irin wannan tsari daga aljihunsa ko na danginsa kuɗin za su fito, don haka ya cancanci a faɗa masa tun farko abin da zai saya.

Abin da yawancin iyalai suke so su ji daga gwaji mai wannan tsada shi ne makomar majinyacinsu: shin cutar za ta dawo bayan tiyata, shin mai saurin yaɗuwa ce, shin akwai sauran shekaru a gaba. Idan rahoton ya iso kuma aka ga an rubuta cewa wata ƙwayar gado ta ninku, musamman wadda ake kira ERBB2 ko HER2, sai hankali ya tashi, a ɗauka an karanta hukunci. A ganina gwajin yana da inganci ƙwarai wajen gano wannan ninkuwa, yana kuma da amfani na gaske wajen zaɓen magani, amma wajen hasashen makoma ƙarfinsa a sankarar hanji bai taka kara ya karya ba, kuma wanda ya saye shi domin wannan kaɗai zai tashi da tarin takardu ba tare da amsar da ya nema ba.

Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum tana ɗauke da kwafi biyu na kusan kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A cikin ƙari, inda tsarin rabuwar ƙwayoyin halitta ya lalace, wani ɗan yanki na kuromosom, wato ƙunshin da ƙwayoyin gado ke jere a kansa, yakan kwafu sau da yawa, ya zama kwafi goma, ko ashirin, ko fiye da haka, kuma wannan ita ce ninkuwar. HER2 tana kan kuromosom na 17, kuma furotin ɗin da take samarwa yana zaune ne a kan fatar ƙwayar halitta yana karɓar saƙon girma da rabuwa. Idan kwafinta ya yawaita, furotin ɗin ma ya yawaita, sai saƙon ya riƙa shiga ba ƙaƙƙautawa, kamar unguwar da aka kafa wa lasifika a kowane lungu ana ta maimaita sanarwa ɗaya. Tsoron da ake yi wa wannan suna daga sankarar mama ya samo asali, domin a 1987 Dennis Slamon da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa matan da ƙarinsu ke da ninkuwar HER2 cutar ta fi saurin dawo musu kuma sun fi saurin rasuwa, har zuwa lokacin da maganin trastuzumab ya fito a 1998 ya sauya lamarin. Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, sukan ɗauko wannan labari na mama su ɗora wa hanji kai tsaye, alhali alƙaluman hanji ba haka suka nuna ba.

Da farko dai abin ba shi da yawa. Wani babban nazari da aka wallafa a 2016 ya sake duba naman majinyata 3,256 da suka shiga gwaje-gwajen magani na QUASAR, FOCUS da PICCOLO na Birtaniya, inda aka sami yawaitar HER2 a kashi 1.3 cikin 100 na masu mataki na biyu da na uku, da kashi 2.2 cikin 100 na waɗanda cutarsu ta bazu, kuma ba a ga wata alaƙa tabbatacciya tsakaninta da tsawon rayuwa ba. Akwai wasu nazarce-nazarcen, kamar wanda aka yi a kan majinyatan gwajin PETACC-8 na Turai masu mataki na uku, da suka nuna alamar cewa cutar ta fi saurin dawowa ga masu canji a wannan ƙwayar gado, haka kuma an ba da rahoton cewa irin wannan ƙari yana ɗan fi yawan kaiwa ga ƙwaƙwalwa. Sai dai sakamakon yana karo da juna, kuma dalilin a bayyane yake: idan abu yana samuwa ga mutum biyu ko uku cikin ɗari, to ko an tara majinyata dubu, waɗanda za a yi hukunci a kansu ba su wuce ashirin zuwa talatin ba, kuma rasuwar mutum biyu ko tsirar biyu ta isa ta karkatar da lissafin. Ga kuma bambancin ma'aunin da kowane ɗakin gwaji ya riƙa amfani da shi kafin masu bincike na Italiya su tsara ƙa'ida ta musamman ga hanji a 2015. Shi ya sa har yau likita ba ya ƙara wa majinyaci kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, bayan tiyata, ko ya rage masa, don kawai HER2 ta ninku.

Haka abin yake ga sauran ninkuwar da rahoton kan jero. Binciken da shirin taswirar ƙwayoyin gadon sankara na Amurka ya wallafa a 2012, bayan ya duba samfura 276 na hanji da dubura, ya nuna cewa ƙaruwar manyan sassa na kuromosom 7, 8, 13 da 20 abu ne ruwan dare a wannan cuta, kuma a kan kuromosom na 8 ne ƙwayar gadon MYC take. Saboda haka ganin an rubuta ninkuwar MYC, ko wasu sunaye uku ko huɗu da ke maƙwabtaka a kan kuromosom na 13 ko na 20, ba sabon labari ba ne, kuma babu magani ko shawarar jinya da ke sauyawa a dalilinsu. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan ko MYC tana nuna mugun hali ko akasin haka, ba a kuma tsaya a kan magana ɗaya ba. Rahoton yana kawo su ne domin na'urar ta gan su, kuma gaskiya ne ta gan su, amma mai karatu da ba a yi wa bayani ba zai ƙirga layuka ya ɗauka yawansu shi ne tsananin ciwon.

Abin da ke faɗin makoma a sankarar hanji har yanzu shi ne matakin da aka same ta a kai, wato zurfin da ƙarin ya ci a bangon hanji, da yawan kaluluwar da ya kama cikin aƙalla 12 da ake so a ciro a duba, da kuma ko ya tsallaka zuwa hanta ko huhu. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka gano cutarsu tana nan inda ta tsiro suna kai shekara biyar, adadin ya sauko zuwa kashi 70 da ɗoriya idan ta kai kaluluwa, ya faɗi ƙasa da kashi 20 idan ta bazu zuwa nesa. Duk wannan a rahoton likitan da ya duba naman tiyata a madubi da hoton ciki ake samunsa, ba sai an tura komai ƙetare ba. A cikin ƙwayoyin gado kuwa, waɗanda suka tabbata suna da alaƙa da makoma su ne canjin BRAF V600E, wanda ke nuna cuta mai tsanani idan ta bazu, da yanayin da ake kira MSI mai yawa, inda tsarin gyaran kurakuran kwafi ya lalace, wanda a mataki na biyu alama ce mai kyau. FoundationOne yana duba duka biyun, amma babu ninkuwa a cikinsu, kuma kowannensu yana da gwaji mai sauƙi nasa na daban.

Inda gwajin ya fi burge ni shi ne wajen mai cutar da ta bazu, a lokacin da ake shawarar maganin da za a ba shi. Magungunan cetuximab da panitumumab, waɗanda ke toshe furotin ɗin EGFR, wani mai karɓar saƙon girma, galibi ana ba da su ne idan ƙwayoyin gadon KRAS da NRAS ba su canza ba, kuma kusan rabin majinyata suna faɗuwa a wannan tantancewa. A cikin sauran rabin ma akwai waɗanda maganin ba ya yi musu aiki, kuma a 2011 masu bincike a cibiyar Candiolo da ke kusa da Turin, waɗanda suka dasa ƙarin majinyata a jikin ɓeraye, suka gano cewa ninkuwar HER2 tana cikin dalilan, domin ƙarin yana samun wata ƙofar da saƙon girma zai shiga ko an rufe ta EGFR. Daga nan aka gwada a kan mutane. Gwajin HERACLES, wanda asibitin Niguarda na Milan ya jagoranta aka kuma wallafa a 2016, ya tantance majinyata 914 kafin ya sami 48 masu ninkuwar, aka ba 27 daga cikinsu trastuzumab tare da lapatinib, ƙarin ya ragu sosai ga takwas, wato kashi 30 cikin 100, alhali mutane ne da sauran magunguna suka riga suka gaza musu. Gwajin MyPathway na Amurka ya haɗa trastuzumab da pertuzumab ga mutum 57 ya sami kashi 32. Gwajin MOUNTAINEER ya haɗa tucatinib da trastuzumab ga mutum 84 ya sami kashi 38, kuma a kansa ne FDA ta dogara ta amince da wannan haɗi a watan Janairu na 2023. Maganin trastuzumab deruxtecan, wanda ke ɗauke da guba zuwa cikin ƙwayar ƙarin, ya kai kashi 45 a rukunin mutum 53 na gwajin DESTINY-CRC01, kodayake yana iya jawo kumburin huhu mai haɗari da ya yi sanadin rasuwar wasu.

Wani ɗan bayani daga MyPathway ya nuna fifikon da gwaji mai faɗi yake da shi a kan gwajin ƙwayar gado ɗaya tilo. Waɗanda KRAS ɗinsu ba ta canza ba sun amsa maganin da kashi 40 cikin 100, waɗanda kuma ta canza suka tsaya a kashi 8. Ke nan sanin ninkuwar HER2 kaɗai bai wadatar ba sai an karanta ta tare da RAS, wato KRAS da NRAS, kuma FoundationOne yana ajiye wa likita su biyun, da BRAF, da MSI, da haɗewar ƙwayar gadon NTRK da wata, abu mai wuyar samu, a shafi ɗaya daga gutsuren nama ɗaya. Ga majinyacin da aka ɗebi ɗan ƙanƙanin nama daga hantarsa da allura, wanda ba zai isa a yanka shi sau biyar domin gwaje-gwaje biyar ba, wannan ba ƙaramin alfanu ba ne.

Ta fuskar gudanar da hidimar kanta, tsarin a fayyace yake. Likita ne ke neman gwajin, majinyaci ba ya nema da kansa. Ana aika dunƙulen kakin da aka adana naman a ciki, ko kuma gilasai goma da aka shimfiɗa yankan naman a kai ba tare da rini ba, haɗe da ɗaya mai rini, kuma ana bukatar aƙalla kashi 20 cikin 100 na ƙwayoyin da ke wurin su zama na ƙarin ne. Kamfanin yana fitar da sakamako cikin kimanin mako biyu daga ranar da samfurin ya isa gare shi, sai mai turawa daga nesa ya ƙara kwanakin neman kakin daga ɗakin gwajin da ya yi aikin farko, da cike takardu, da jigila. Shafin farko na rahoton an tsara shi da kyau, canje-canjen da ke da magani a sama, kowane da maganinsa a gefe. Bayan nan ne yake yin nauyi, da dogayen bayanai, da jerin gwaje-gwajen magunguna da ake ɗibar majinyata a cikinsu, waɗanda galibinsu a Amurka da Turai da gabashin Asiya suke, sannan da jerin canje-canjen da ba a san ma'anarsu ba. Da an ware waɗannan da babban rubutu cewa ba a gina shawara a kansu, da an rage wa iyalai rashin barci. Ya kamata kuma a sani cewa naman ƙari kaɗai ake karantawa, ba a kwatanta shi da jinin majinyacin, don haka idan ana zargin cutar gadon Lynch, wadda ke shafar 'ya'ya da 'yan'uwa, sai an yi wani gwajin daban.

Gano ninkuwa ya fi gano ƙaramin canji a wuri ɗaya cikin ƙwayar gado dogaro da ingancin samfur, kuma a nan ne mai turawa daga Najeriya ko Nijar ya kamata ya natsu. Naman da aka ciro ana so ya shiga ruwan fomalin mai kashi 10 wanda aka daidaita tsaminsa cikin sa'a guda, ya zauna tsakanin sa'a 6 zuwa 72. Idan hanji ya kwana a roba kafin a kai shi ɗakin gwaji, ko aka tsoma shi a fomalin da aka tsinka da ruwan famfo, ko ya yi makonni a ciki, to zaren gadon, wato DNA da na'urar ke karantawa, yana gutsuttsurewa, sai sakamako ya dawo da cewa samfurin bai wadatar ba, ko kuma a kasa ƙirga kwafin da kyau. Wannan ba laifin na'urar da ke Amurka ba ne, amma kuɗin mai kuɗi ne ke cikin haɗari, don haka tambayar yadda aka adana naman ta riga tambayar farashi.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake ganin majinyaci a yankinmu bai kamata ya fara da wannan gwaji ba. Binciken da Isaac Alatise na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya yi tare da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York, aka wallafa a 2021, ya nuna cewa majinyatan Najeriya da aka duba sun fi na Amurka ƙuruciya, cutar ta fi kama musu dubura, kuma kimanin kashi 28 cikin 100 na ƙarinsu masu MSI mai yawa ne, adadin da ya ninka wanda aka saba gani a Amurka. Majinyatan daga kudu maso yammacin ƙasar suke, amma alamar tana da ƙarfi. MSI ana iya gano ta da rinin furotin huɗu, MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2, a kan gilashi, da kuɗin da bai kai kusa da na gwaji mai faɗi ba, kuma ita ce ke buɗe ƙofar magungunan garkuwar jiki irin su pembrolizumab, wanda gwajin KEYNOTE-177 na 2020 ya nuna ya fi kemo ga irin waɗannan majinyata. HER2 ma haka take: rinin da ake yi wa sankarar mama a manyan asibitocin koyarwa shi ne ake yi wa hanji, sai dai a karanta shi da ƙa'idar hanji, inda ake neman rini mai ƙarfi a fiye da rabin ƙwayoyin, idan kuma ya fito tsaka-tsaki a tabbatar da gwajin FISH, mai ƙirga kwafin ƙwayar gadon. Har ma akwai inda rinin ya fi, domin amincewar da FDA ta yi wa trastuzumab deruxtecan a watan Afrilu na 2024 ga kowane irin ƙari an ɗaure ta ne da sakamakon rini mafi ƙarfi, ba da ƙidayar kwafi ba.

Sannan sai maganar da ba a son faɗa a gaban majinyaci, wato ko maganin da rahoton zai nuna yana samuwa, kuma ko aljihu zai iya ɗaukarsa wata bayan wata. Trastuzumab ya shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015, kuma kwatankwacinsa masu rahusa sun shigo kasuwa, amma a sankarar hanji ba a ba da shi shi kaɗai, sai da abokin haɗi, ga kuma duba zuciya lokaci zuwa lokaci saboda illar da yake iya yi mata. Iyalin da suka sayar da fili suka yi gwaji, sannan aka rasa na kemo na yau da kullum irin su FOLFOX ko CAPOX waɗanda su ne ginshiƙin jinyar, kwalliya ba ta biya musu kuɗin sabulu ba. Amma ko ga wanda ba zai iya sayen maganin HER2 ba, sanin ninkuwar na iya hana shi zuba kuɗi a cetuximab da ake kyautata zaton ba zai yi masa aiki ba, kuma wannan sani rini mai araha ma yana bayar da shi.

Wanda aka yi wa tiyata a mataki na biyu ko na uku, yake kuma son sanin haɗarin dawowar cutar, gwajin da ya fi kusa da tambayarsa shi ne na neman ɓurɓushin zaren gadon ƙari a cikin jini bayan aiki. Gwajin DYNAMIC na Ostireliya, da aka wallafa a 2022 a kan majinyata 455 masu mataki na biyu, ya nuna cewa bin wannan ma'auni ya rage masu shan kemo daga kashi 28 zuwa 15 cikin 100 ba tare da cutar ta fi dawowa ba cikin shekara biyu. Wannan hidima ce daban da wadda nake magana a kanta, kada a haɗa su.

Kamfanin yana da nau'in gwajinsa na jini, FoundationOne Liquid CDx, wanda FDA ta amince da shi a watan Agusta na 2020, a watan da ta amince da abokin gogayyarsa Guardant360 CDx. Amfaninsa ga wanda namansa ya lalace ko ya ƙare a bayyane yake, kuma gwajin TRIUMPH na Japan ya nuna cewa waɗanda aka gano ninkuwar HER2 a jininsu sun amsa pertuzumab da trastuzumab da kashi 28 cikin 100, kusan daidai da kashi 30 na waɗanda aka gano a nama. Jinin yana kuma iya kama abin da tsohon kaki ba zai nuna ba, kamar ninkuwar ƙwayar gadon MET ko sabon canjin KRAS da ke bayyana bayan majinyaci ya ɗauki watanni a kan cetuximab, a lokacin da maganin ya fara gazawa. Sai dai idan ƙarin ba ya zubar da zare mai yawa a cikin jini, kamar yadda yakan faru ga wanda cutarsa ta tsaya a huhu ko a tantanin ciki kaɗai, ninkuwar tana iya ɓuya, don haka sakamakon jinin da ya ce babu komai ba ya rufe maganar, sai an koma an duba naman.